Bukukuwa da abincin manyan wuraren wasa na duniya: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da mutane suka fi yi idan ana hirar irin su Disneyland da Universal da Tivoli, musamman kan bukukuwan da suke shiryawa lokaci zuwa lokaci da kuma abincin nan nasu da ake ta ɗaukar hoto da shi.

Wai me ake nufi da bikin lokaci a wurin wasa? Ba lilo ne kawai a ciki ba?

Lilon yana nan, ba inda ya je. Abun da ke canzawa shi ne kwalliyar wurin da kiɗan da ake sawa da faretin da ake yi da wasan wutan dare da kuma abincin da ake saidawa. Wurin da ka shiga a watan Yuni idan ka koma a Oktoba sai ka ganshi cike da kabewa da shigar dodanni, ka sake komawa a Disamba kuma ka tarar an kwashe kabewar kaf an lulluɓe ko'ina da fitilu. Wani lokacin har lilon ma ana canza masa kaya, kamar gidan fatalwan Disneyland na Kalifoniya da tun 2001 ake sake masa kwalliya daga kaka har ƙarshen shekara.

To me ya sa suke wahalar da kansu haka duk shekara?

Kuɗi ne ɗan uwa, ba wani abu ba, kuma ni ban ga laifinsu ba. Ka duba, wurin wasa cinikinsa na hutun makaranta ne, a Turai da arewacin Amurka da zarar Satumba ta shigo yara sun koma aji sanyi ya fara, shikenan wurin ya zama kufai, alhali ga injina na miliyoyi a girke ga ma'aikata ga haraji. Da can da yawansu rufewa suke yi sai shekara ta zagayo. Sai suka gano ashe idan ka ba mutum dalilin zuwa a Oktoba zai zo, in ka bashi na Disamba ma zai saka rigar sanyi ya zo.

Ga kuma lissafi na biyu, gina sabon lilo babba yana cin shekaru da kuɗi mai yawan gaske, amma rataya fitila da kawo sabon kek mai ɗanɗanon kabewa abu ne na makonni. Kuma mutumin da ke zaune kusa, mai tikitin shekara, wanda ya hau kowane lilo sau ashirin ya gaji, da me zaka jawo shi? Da abun da aka ce masa sati shida kawai zai yi ya ɓace. Wannan "in ba ka zo yanzu ba ya wuce ka" ɗin ita ce jarin gaba ɗaya, bikin da abincin duk a kanta suke tsaye.

Su waye suka fara?

Idan na tsoratarwa na Halowin, bikin shigar dodanni na ƙarshen Oktoba, ake nufi, wanda aka fi ambata shi ne Knott's Berry Farm da ke Buena Park a Kalifoniya, a 1973 suka fara da dare uku kacal, yau kuma makonni ake yi. Universal na Fulorida sun biyo baya a 1991, su ma da dare uku, da sunan Fright Nights kafin shekara ta gaba a koma kiransa Halloween Horror Nights.

Amma labarin Knott's ɗin nan ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, don shi wurin abinci ne ya haife shi ba lilo ba. Walter Knott manomi ne, yana saida 'ya'yan itace a bakin titi, shi ne ya raya wani ɗan itace da wani Rudolph Boysen ya haɗa irinsa ya bari ya kusa mutuwa, shi ya sa ma ake kiransa boysenberry. A 1934 lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, matarsa Cordelia ta fara soya kaza tana saidawa, ranar farko faranti takwas ta sayar a kan santi 65 kowanne, a cikin kwanukan da aka bata na aure ma ta zuba. Kafin ka ce me layi ya kai mutum ya yi awanni yana jiran kujera, sai mijin ya ga to bari a nemawa masu jira abun kallo, a 1940 ya fara gina musu ƙauyen kaboyi na da. Daga nan wurin wasa ya taso. Har gobe gidan kazar yana nan, kuma duk wajen Maris zuwa Afrilu suna bikin ɗan itacen nan, a saka shi a kek, a miyar gashi, a lemo, a komai, har abun da bai kamata ba.

Ina da yara ƙanana, zan iya kaisu na Halowin?

Hajiya ki fara duba wane iri ne, don kala biyu ne kuma ba su haɗa hanya ba. Akwai na firgitarwa na gaske, gidaje masu duhu da mutane cikin shigar gawa da jinin ƙarya suna faɗo miki daga lungu, wasu ma da zarton inji suna binki a guje. Universal da kansu sun ce ba su bada shawarar a kawo ɗan ƙasa da shekara 13 ba, na Europa-Park a Jamus kuwa mai suna Traumatica sai ɗan 16 zuwa sama. Kar ki ce yaronki jarumi ne, manya masu gemu suna fitowa suna haki.

Sai na yara, irin wanda Magic Kingdom, wurin wasan Disney na Fulorida, ke yi tun 1995 da sunansa ma ya ce ba mai ban tsoro sosai ba ne, ko na Legoland. A nan alewa ake rabawa a jaka, yara su yi shigar da suke so, a yi fareti a tashi. Wasu wuraren kuma raba rana suke yi, da rana kabewa da dariya, magariba na yi dodanni su fito, to ki san ƙarfe nawa ake canjin kar ya riske ki a tsakiyar fili da goyo.

Abun dariya, a Fulorida tun watan Agusta ake fara wannan biki, ana zufa kamar me ga kabewa a rataye.

Tikitin da na saya na shiga ya haɗa da bikin?

Ba kullum ba, kuma nan mutane suka fi shan mamaki. Kwalliya da yawancin abincin lokacin kowa na gani da tikitin rana. Amma manyan dararen biki irin na Halowin da na Kirsimeti a Magic Kingdom, da Halloween Horror Nights, tikitinsu daban ne. A Magic Kingdom ranar da ake bikin ƙarfe 6 na yamma ake rufewa masu tikitin rana, biki ya fara ƙarfe 7 zuwa 12 na dare, mai tikitin bikin kuma ana barinsa ya shiga tun ƙarfe 4 a ɗaura masa wani abu a hannu. In babu shi a hannunka cikin ladabi za a nuna maka ƙofa. Kuɗin ya haura dala 100, darare masu zafi kusa da ranar bikin kan kai wajen 200, kuma yana ƙarewa tun da sauran makonni. Su Tivoli da Dollywood da Efteling kuwa bikin na cikin kuɗin shiga.

Ina ne na ƙarshen shekara ya fi kyau?

Wannan ra'ayi ne, kuma nawa shi ne na Turai sun fi daɗin zama, na Amurka sun fi cika ido. Tivoli da ke tsakiyar birnin Kofenhagen a Denmak tun 1843 yake, Walt Disney da kansa ya je ya gani kafin ya buɗe nasa a 1955, amma kasuwar Kirsimetinsu sai 1994 aka fara. Rumfunan katako ne jere, fitilu a kan tafki, ana saida wasu 'yan dunƙulallun soyayyun fulawa da ake barbaɗa wa sukari a ci da jam. Liseberg na Siwidin ya biyo a 2000, Efteling na Holand kuma tun 1999 yake buɗewa da hunturu, suna hura wuta a fili mutane su zagaye suna jin ɗumi.

Amurka kuwa gasar fitila ake yi. Dollywood a jihar Tenesi suna maganar miliyan shida, Silver Dollar City a Mizuri miliyan shida da rabi, Busch Gardens na Williamsburg miliyan goma. Ni dai bayan miliyan na farko ido baya ƙirga.

Na ga bidiyo dusar ƙanƙara na zuba a Disney na Fulorida, ai can ba a yinta ko?

Kumfar sabulu ce, daga saman gine-gine inji ke hurota. Kar ka buɗe baki.

Ƙatuwar cinyar nan da ake ta hoto da ita, da gaske talotalo ne? Na ji an ce jimina ce, wasu sun ce alade ne

Talotalo ne. Abun da ya rikita mutane biyu ne, girmanta da kalarta. Girman saboda na namiji ake amfani da ita, kuma namijin talotalon gona ƙato ne na gaske, cinya ɗaya ta haura rabin kilo. Kalar kuwa da ɗanɗanon saboda ana jiƙa ta a ruwan gishiri na adana nama sannan a ƙyafe ta da hayaƙi, irin yadda Turawa ke sarrafa cinyar alade, shi ya sa take fitowa ja-ja har wanda ya san wancan ya ce sun yi kama. A ƙarshen shekarun 1980 Disney na Fulorida suka fara saida ta a keken tura guda ɗaya, yanzu har riga ake bugawa da hotonta. Gishirinta fa ba wasa ba ne, mai hawan jini ya kiyaye, kuma mutum biyu ma ta ishe su. Maganar yadda aka yanka tsuntsun kuma daban ce, ga ta nan ƙasa.

Butterbeer ɗin Universal giya ce?

A'a, sunan ne kawai. Lemo ne mai zaƙin tsiya, ɗanɗanon narkakken sukari da man shanu, da kumfa mai kauri a sama wadda ke barin gashin baki fari, yara ma suna sha. Tun 2010 aka fara shi lokacin da aka buɗe sashen Harry Potter a Orlando ta Fulorida, akwai mai sanyi, akwai daskararre, akwai mai zafi, akwai na askirim.

Abun lura a nan, cikin wannan sashen ba zaka samu Coca-Cola ba duk da ana saida ta a sauran wurin, da gangan ne, don kar wani abu na duniyar waje ya ɓata maka mafarkin. Disney ma da suka buɗe nasu sashen na duniyar taurari, wato na fim ɗin Star Wars, a 2019 sai da aka ƙera wa Coca-Cola kwalba dunƙulalliya da rubutun da ba na mutane ba, sannan ga shuɗiyar madara wadda ba madarar saniya ba ce, ta kwakwa da shinkafa ce. Ka ga kenan abincin ba don yunwa kawai aka yi shi ba, yana cikin wasan kwaikwayon, kuma kuɗin wasan kake biya ba na sukarin ba.

Wanda baya cin alade baya shan giya fa, ya zai yi?

Ya tambaya, kuma ya tambaya da kyau, don abincin biki nan ne ake yawan cusa abubuwa. Ruwan zafin nan mai ƙamshin kirfa da kanumfari da ake saidawa a kasuwannin hunturu na Turai yawancinsa giyar inabi ce aka dafa, akwai marar giya amma sai ka nema da baki. Shuɗiyar madarar da na ambata a Fulorida akwai wadda ake ƙara wa barasa. Yankakken naman alade kuwa Amurkawa har kan donot da askirim suna barbaɗa shi, sai kuma jelatin da ke cikin alewa mai danƙo wanda sau da yawa daga alade ake samunsa. Dogon burodin nan mai nama da ya yi suna a Tokyo DisneySea shi ma akwai alade a cikinsa.

Wurare sun bambanta sosai. A Dubai da Abu Dabi da Maleshiya yawanci ba ka da wata damuwa kan nama. Universal na Singafo da Disneyland na Hong Kong suna da gidajen abinci masu takardar halal, na Hong Kong har da ɗakin sallah. A Amurka da Turai kuwa abun da ya fi sauƙi shi ne kifi ko abincin da ba nama, kuma manyan wuraren suna da littafin kayan haɗin kowane abinci saboda masu alaji, in ka nema a kanta za a nuna maka ko a kira maka mai girkin.

Giya ma ba ko'ina take a da ba. Walt Disney bai so ta a wurinsa ba, Magic Kingdom sai 2012 aka fara saida ta, amma a wurin Disney na Faransa shekara ɗaya tal dokar ta yi, an buɗe 1992 aka janye ta 1993 don Faransawa sun ce su ba sa cin abinci haka.

Dole Whip kuma mene ne da ake ta zuzutawa?

Daskararriyar abarba ce mai laushi kamar askirim, tun shekarun 1980 take, kuma ta abarba zalla ba madara a ciki, in an murɗa ta da banila ne madara ke shigowa. A zafin rana ta yi, amma zuzutawar ta fi ta yawa. Haka churro, doguwar soyayyar fulawa mai kirfa da sukari da ta shiga Disneyland a 1985, ita ce aka fi yi wa kwaskwarimar biki, Oktoba a mata kalar lemu, Disamba a mata ja da kore a ƙara dala ɗaya ko biyu.

Wanda ni zan ce a bi layi dominsa shi ne burodin kirfa na Dollywood, da zafinsa yake fitowa yana nason man shanu.

Me ya sa mutane ke bin layin gugguru a Japan?

Don can gugguru ba gishiri da sukari kaɗai ba ne. A Tokyo Disneyland da aka buɗe 1983 da maƙwabcinsa DisneySea na 2001 kowane keke da nasa ɗanɗanon, wannan kori, wancan zuma, wancan masoro, wancan cakulan, wani kuma ruwan waken soya da man shanu, suna cikin taswira ma, sai kaga mutum ya ratsa fili guda don ɗanɗano ɗaya kuma wasu na lokaci ne su zo su tafi.

Amma gaskiyar magana bokitin ake bi ba guggurun ba. Robar da ake zuba shi ana ƙera ta da siffar wani abun wasa ko fitila mai kunnuwa, da igiya a rataya a wuya, duk biki da sabuwa. Cutar ta tsallaka Amurka, a Janairun 2022 a Epcot, wani wurin Disney na Fulorida, mutane suka yi awanni kusan shida a layi saboda bokitin wani dodo mai launin shunayya na dala 25, kafin yamma wasu har sun kai shi intanet suna saidawa ninki-ninki. Kai da ka biya kuɗin jirgi da otal, ka ƙarar da yininka a layin roba, Allah ya kyauta.

Ance Epcot kullum cikin biki yake, haka ne?

Kusan haka. Guda huɗu suke yi a shekara, na zane-zane a Janairu da Fabrairu wanda aka fara 2017, na furanni daga Maris wanda ya faro 1994, na abinci da giyar inabi daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba tun tsakiyar shekarun 1990, sai na ƙarshen shekara. Duk huɗun kuma idan ka tona rumfunan abinci ne, suna kawai ake canzawa. Wurin dama yana da sassan ƙasashe goma sha ɗaya zagaye da tafki, har da Maroko da Japan da Meziko, sai a ƙara ƙananan rumfuna a tsakani kowacce na saida ɗan loma biyu uku a ƙaramin faranti. Tarkon shi ne ƙanƙantarsa, kowanne ka ga kamar ba kuɗi, ka ɗanɗana nan ka ɗanɗana can, ka zo ƙarshen zagaye ka kashe fiye da na zama gidan abinci kuma cikinka bai san ka ci ba. In kuna da yawa ku sayi ɗaya-ɗaya ku raba. Daren Juma'a da Asabar lokacin bikin inabi kuma masu sha sun yi yawa, mai iyali ya zo da rana a tsakiyar mako.

Akwai abun da da gaske sai lokacin biki ake samu, ba kala kawai aka canza ba?

Akwai. Alewar nan mai lanƙwasa kamar sandar tsoho, ja da fari, tun 1968 ake yinta da hannu a Disneyland, a wasu ranaku ƙididdigaggu na ƙarshen shekara kawai. Ta bayan gilashi kana kallo suna jan narkakken sukari a ƙugiya suna murzawa a ɗaki mai zafi don kar ya daskare kafin a lanƙwasa, tsawonta inci 18, kuma 'yan kaɗan ake yi a rana shi ya sa mutane ke sammako. A gidan fatalwan da na faɗa ma duk shekara ana gasa sabon gidan biskit mai citta na gaske a ajiye a kan teburi, har ƙamshinsa ake fesawa. Daren Kirsimeti na Magic Kingdom kuma, wanda ake yi tun 1983, biskit da koko mai zafi kyauta ne, in dai za a kira abun da ka biya dala ɗari da wani abu kyauta.

Zan iya shiga da abincina?

Ya danganta da wurin. Disney na Amurka sun yarda, banda kwalba mai fashewa da giya da abun da sai an ɗumama. Universal ɗan abun taɓawa da ruwa da abincin jariri ko na marar lafiya kawai. Da yawa kuma sam ba sa bari. Disneyland na Shanghai da hanawa suke yi har da binciken jaka, sai a 2019 wata ɗalibar shari'a ta maka su a kotu, abun ya yi ƙamari a intanet, a Satumbar shekarar suka sassauta. Ruwan sha dai a yawancin na Amurka in ka roƙa a kantar abinci za a baka kofi da ƙanƙara ba ko sisi.

Bayan Halowin da Kirsimeti ba wani biki kenan?

Akwai mana. Sabuwar shekarar Sinawa a Janairu ko Fabrairu babbar harka ce a Hong Kong da Shanghai, jajayen fitilu da rawar zaki, har Kalifoniya ma ana yi. Universal na Orlando na da bikin Mardi Gras tun 1995, ana watso sarƙoƙin roba daga kan motocin fareti. A Dubai lissafin juyewa yake, Global Village da sanyi yake buɗewa wajen Oktoba ya rufe idan zafi ya kunno kai, da azumi a matsar da lokaci zuwa dare, da sallah a yi wasan wuta. Ostireliya kuwa Disamba tsakiyar zafinsu ne amma duk da haka sai sun kunna injin dusar ƙanƙara.

Wace rana ce ta fi, kuma yaushe zan ci abinci?

Farkon bikin, tsakiyar mako. Kwalliyar ɗaya ce da ta ranar ƙarshe, tikiti ya fi sauƙi, layi ya fi gajarta. Makon da ke tsakanin 25 ga Disamba da 1 ga Janairu shi ne mafi cunkoso a shekara, har akan tsayar da shiga idan wuri ya cika, in ba dole ba ka kauce masa.

Abinci kuma ka ci kafin sha biyu ko bayan biyu da rabi, ko lokacin da kowa ya tafi kallon fareti, inda ake oda ta manhajar waya ka yi tun da safe ka zaɓi lokacin karɓa. Sannan manyan lilo masu juya mutum ƙasa da sama a fara da su tukuna, cinyar talotalo da Butterbeer su biyo baya, saboda na kujerar bayanka.